Hokin ƙanƙara na mata: cikar 'yan kallo za ta rage tazarar Kanada da Amurka da sauran ƙasashe, ko ƙara ta za ta yi?

Malam_Sani_Samaru:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga wata magana da nake so masu bin wasan hoki na kan ƙanƙara su warware mana. Tun da hukumar hokin ƙanƙara ta duniya, IIHF, ta fara gasar duniya ta mata a Ottawa a 1990, babu ƙasar da ta taɓa ɗaga kofin in ba Kanada ko Amurka ba. A Olamfik ma haka zancen yake tun Nagano 1998. A ɗaya gefen kuma 'yan kallo sai ƙaruwa suke yi: a watan Afrilun 2024 mutum 21,105 ne suka cika filin Bell Centre na Montreal don kallon wasa ɗaya na gasar ƙwararrun mata ta Arewacin Amurka, wato PWHL. Ni a ganina wannan cikar ba za ta rage tazarar ba, ƙara ta za ta yi, domin kuɗin tikiti da na talla duk can Arewacin Amurka suke zuba. An ƙara wa Barno dawaki ke nan. Me kuka gani?

DanTudunWada:
Wa alaikumus salam. Gaskiyarka Malam. Kullum su biyun ne a wasan ƙarshe, sauran ƙasashen rakiya kawai suke zuwa.

Hajiya_Bilki_Kongo:
Ɗan Tudun Wada, ba kullum ba ƙanena, gyara wannan. Sau biyu an karya musu layi. A Olamfik na Turin a 2006 Suwidin ta fitar da Amurka a wasan kusa da na ƙarshe da bugun daga kai sai gola, bayan Amurka ta fara shiga gaba da ci biyu. Maria Rooth ce ta farke duka biyun, Kim Martin kuma ta tsaya a raga kamar bango. Kanada ta doke su 4 da 1 a wasan ƙarshe, amma azurfa ta tafi Suwidin.

Na biyun shi ne wanda har yau yake yi wa mutane ciwo. A gasar duniya ta 2019 a Espoo, Finlan ta doke Kanada 4 da 2 a wasan kusa da na ƙarshe a gaban mutanenta, ta haɗu da Amurka a wasan ƙarshe. An tashi kunnen doki, 1 da 1, aka shiga ƙarin lokaci, Petra Nieminen ta Finlan ta jefa faifan (shi ake bugawa a madadin ƙwallo) a raga. 'Yan wasa sun zubar da sanduna da safar hannu a kan ƙanƙara, sun rungume juna, fili ya kaure da sowa. Sai aka ce a dakata, ana duba bidiyo. Aka ɗauki fiye da minti goma, daga ƙarshe aka soke cin, aka ce kyaftin ɗinsu Jenni Hiirikoski ta yi karo da golar Amurka Alex Rigsby kafin faifan ya shiga. Amurka ta ci a bugun daga kai sai gola. Wanda ya kalli wannan wasa ba zai kira Finlan 'yar rakiya ba.

Koci_Garba:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, abin da kika kawo daidai ne. Amma ki lura da abu ɗaya da ya haɗa wasannin biyu: gola. Kim Martin a 2006, Noora Räty a 2019, wadda ta tare sama da bugu 40 a wasan Kanada kaɗai. Wato hanyar da ƙaramar ƙasa take bi ta kayar da manyan ita ce a yi mata ruwan bugu, golarta ta kwana a tsaye, ita kuma ta ci moriyar damammaki uku ko huɗu da ta samu. Wannan yana yiwuwa a dare ɗaya, ba ya yiwuwa kowace shekara.

Bari in faɗi inda tazarar take a zahiri, don masu saba kallon ƙwallon ƙafa su gane. Mutum shida kowane ɓangare ke kan ƙanƙara, biyar da gola. Wasa kashi uku ne, kowane kashi minti 20, agogo yana tsayawa duk lokacin da aka busa. 'Yar wasa ba ta wuce daƙiƙa 40 zuwa 45 tana gudu da cikakken ƙarfi, sai ta fita wata ta shigo, ana cikin wasa ba tare da an tsaya ba. Shi ya sa kowace ƙungiya take da layi huɗu na 'yan gaba, uku-uku, da 'yan baya biyu-biyu har kashi uku ko fiye. Layin farko na Finlan ko Cek ko Suwizalan zai iya yin kafaɗa da kafaɗa da kowa a duniya. Matsalar tana layi na uku da na huɗu. Layi na huɗu na Kanada taurari ne a kulob ɗinsu, na ɗaya ƙasar kuwa wataƙila malamar makaranta ce da ke atisaye da dare bayan ta tashi aiki.

To me koci zai yi? Sai ya riƙa maimaita layi biyun farko. 'Yar bayan da ya kamata ta yi minti 20 sai ta yi kusan 30. A kashi na biyu kuma ana sauya raga, benci ya yi nisa da ragarku, in aka tsare ku a gidanku ba ku da hanyar sauya mutum. Ƙafa ta mutu, sai a wurga faifan can ƙarshen fili don a huta, alƙali ya busa laifin wurgi, a dawo da wasa gaban ragarku, kuma doka ta hana ku sauya 'yan wasa. Gajiyayyun nan dai su za su tsaya. Daga nan sai jan riga da saƙala sanda, a kori ɗaya minti biyu, ku koma huɗu da biyar. Shi ya sa za ka ga an tashi kashin farko 1 da nema, a ƙare wasa 6 da nema.

Ummi_Gyallesu:
Koci na gode da wannan bayani. Tambayata ita ce, me ya sa su ba su da layi na uku da na huɗun? Rashin kuɗi ne ko rashin mutane?

Koci_Garba:
Duka biyun, Ummi, amma rashin mutane ne a gaba. Mata da 'yan mata masu rajista a Kanada sun kai wajen 100,000, Amurka ma tana kusa da haka. Finlan, wadda ta fi kowa tara tagulla, ba ta kai 10,000 ba. Wanda zai zaɓi mutum 23 daga cikin dubu ɗari ba ɗaya yake da wanda zai zaɓa daga cikin 'yan dubbai ba.

Sai kuma jami'o'in Amurka. Dokar Title IX ta 1972 ta tilasta wa makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su ba mata dama a wasanni kamar yadda suke ba maza. Daga nan aka samu gurbin karatu kyauta ga 'yan wasa, da fili na atisaye kusan kullum, da likita, da mai kula da ƙarfin jiki, shekara huɗu cur. Tun 2001 hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, take shirya gasar mata. Wisconsin da Minnesota da Ohio State su ne masaƙar da ake saƙa 'yan wasan Amurka, da na Kanada da yawa. Ƙari a kan haka, shekaru da dama Kanada takan tara tawagarta a Calgary watanni kafin Olamfik, suna zaune wuri ɗaya, suna karawa da ƙungiyoyin samari na lardin Alberta. Wata ƙasar kuwa sai ana saura mako biyu ko uku take haɗa nata.

Malam_Sani_Samaru:
To ai Koci maganata ka ƙarfafa. Duk waɗannan abubuwa suna hannun waɗanda suka riga suka yi gaba. Yanzu an ɗora musu gasar ƙwararru da albashi da 'yan kallo dubu ashirin. Ta ina na baya zai kamo?

Zainabu_Hanwa:
Malam, akwai inda lissafin ya tsallake. Ba a Arewacin Amurka kaɗai ake cika fili ba. Gasar duniya ta 2025 a garin České Budějovice na ƙasar Cek ta tara 'yan kallo sama da 120,000, ta karya tarihin da Winnipeg ta kafa tun 2007. Gari ne mai mutum kusan dubu ɗari, kuma ba Kanada da Amurka suka fito kallo ba, 'ya'yansu suka fito kallo, da ganguna da waƙa tun daga busan farko. A wasan kusa da na ƙarshe Cek ce ta fara cin Amurka, da ƙyar Amurka ta sha da ci 2 da 1.

Kuma a duba yadda abin ya biyo. Cek ba ta taɓa zuwa Olamfik ba sai a Beijing 2022. Suka ɗauko Carla MacLeod, tsohuwar 'yar bayan Kanada, ta zama koci. Suka ci tagulla a 2022, suka maimaita a 2023 a Brampton. Nasarar ce ta jawo mutane, mutanen kuma su ne hujjar da za a kai gaban hukumar ƙasa da kamfanonin talla a ce a ƙara kasafi. Yarinya 'yar shekara takwas da ta zauna a wannan fili ita ce layi na uku da Koci yake nema, nan da shekara goma sha biyu.

DanTudunWada:
Anti Zainabu, a wannan gasar dai, ɗaya wasan na kusa da ƙarshe Kanada ta ci Finlan 8 da 1. A faɗi wannan ma.

Zainabu_Hanwa:
An faɗa, kuma gaskiya ne. Ban ce tazara ta rufe ba.

Baban_Khalifa:
Ni abin da nake so a rarrabe shi ne tafi da kuɗi. Tafin 'yan kallo ba ya zama albashi da kansa, sai ya bi ta hannun hukumar wasan ta ƙasa, a nan kuma ake samun tangarɗa. Ku dubi Suwidin. Azurfa a 2006, ƙasa mai filaye ko'ina, mai gasar kulob ta SDHL da ake ganin babu kamarta a Turai. Amma aka bar tawagar ƙasa ta lalace har ta faɗa ajin ƙasa a 2019. A watan Agustan wannan shekara 'yan wasa 43 suka ƙi zuwa sansani, babban kukansu shi ne ba a biyansu kuɗin aikin da suke rasawa in sun tafi buga wa ƙasa. Ko Amurka ma sai da 'yan wasanta suka yi barazanar ƙaurace wa gasar duniya ta 2017 da za a yi a gidansu, a Plymouth ta jihar Michigan, kafin hukumarsu ta sa hannu a yarjejeniyar shekara huɗu. Saboda haka amsar tambayar Malam Sani ta dogara da wanda yake riƙe da lalita. In fili ya cika mako biyu, aka kwashe kuɗin aka zuba a ɓangaren maza, ƙungiyoyin 'yan mata kuma aka ci gaba da ba su lokacin atisaye ƙarfe tara na dare, to an yi biki ne kawai.

Hajiya_Bilki_Kongo:
Baban Khalifa ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Lokacin fili shi ne arzikin wannan wasa. Ƙwallon ƙafa ko a kangon unguwa yara za su buga, wannan kuwa sai an biya awa.

Amma kan PWHL, Malam Sani, ban yarda cewa na su biyun ne kaɗai ba. An fara ta ranar 1 ga Janairun 2024 da ƙungiya shida: Toronto, Montreal, Ottawa, Boston, New York da Minnesota, a 2025 aka ƙara Seattle da Vancouver. Alina Müller ta Suwizalan ita ce ta uku da aka zaɓa a zaɓen 'yan wasa na farko da ƙungiyoyin suka yi, ta tafi Boston. A zaɓen 2025 wadda aka fara ɗauka gaba ɗaya 'yar Cek ce, Kristýna Kaltounková, ta tafi New York. Akane Shiga ta Japan ta buga wa Ottawa a kakar farko. A da waɗannan mata sau biyu ko uku a shekara suke ganin irin saurin Marie-Philip Poulin ta Kanada ko Hilary Knight ta Amurka. Yanzu da su suke atisaye kowace safiya.

Koci_Garba:
Haka ne Hajiya, sai dai a ƙirga gurabe. Kowace ƙungiya mutum 23 take riƙewa, mafi yawansu kuma 'yan Kanada da Amurka ne. Wanda za a ɗauko daga Turai tauraruwa ce, wato layin farko, wanda dama ba shi ne matsalar ba. Layin farko ya ƙara kaifi, gasar gida kuma ta rasa wadda yara suke koyi da ita, wadda ake sayen tikiti dominta. A ɗaya ɓangaren, 'yar Kanada da a da take ajiye sanda tana da shekara 23 bayan ta gama jami'a don ba ta samu shiga tawagar ƙasa ba, yanzu tana da albashi, mafi ƙaranci dala 35,000 a kakar farko, za ta ci gaba har ta kai ganiyarta. Rijiyarsu ta ƙara zurfi ke nan. A nan ina tare da Malam Sani rabi.

Abba_PZ:
Don Allah a yi mini haƙuri in ɗan karkata. An ce a wasan mata an hana bangaza da jiki. Wannan bai shafi tazarar ba?

Injiniya_Kwangila:
Ya shafa, Abba. A gasar farko ta 1990 an yarda da bangaza, daga baya aka hana a wasannin ƙasa da ƙasa. Abin da aka bari shi ne gogayya da matse abokiyar karawa a jikin katanga in dukkanku faifan kuke nema. Suwidin ta dawo da bangaza a gasarta daga kakar 2022 zuwa 2023, PWHL ma tana barin gogayya mai ƙarfi. Inda ake samun cikas shi ne 'yar wasa ta saba da doka ɗaya a kulob, ta zo gasar duniya alƙali ya busa mata abin da jiya ba laifi ba ne. Minti biyu a waje a gaban Amurka kuwa sau da yawa ci ne. Faɗin fili ma haka: na Turai na gargajiya mita 60 ne da 30, na Arewacin Amurka faɗinsa wajen mita 26. A ƙaramin fili ba ka da lokacin ɗaga kai, wanda ya saba da babba sai ya ga an riga an rufe shi.

Abba_PZ:
Na gane. To mu nan Zariya ta yaya mutum zai bi wasan? Gidajen kallo daga Sabon Gari har Samaru ba wanda zai cire Firimiya ya sa wannan.

Injiniya_Kwangila:
Waya ce mafita. PWHL ta nuna wasanninta na kakar farko kyauta a YouTube, a duba tasharsu, ita ma IIHF tana sa taƙaitattun wasanni. A kula da lokaci: wasan ƙarfe 7 na yamma a Toronto ƙarfe 1 na dare ne a nan lokacin hunturunsu, in sun matsar da agogo a watan Maris ya koma 12 na dare. In a tsakiyar Turai ake gasa babu wahala, ko lokacinmu ɗaya ko su riga mu da awa guda. Wasa yakan ci awa biyu da rabi har da hutu biyu. Faifan baƙar roba ne, faɗinsa bai kai santimita 8 ba, in ka rage ingancin hoto zuwa 360 ɓacewa yake yi. Sa 720, ka tanadi data wajen gigabait uku. Sabon mai kallo kada ya bi faifan da ido, ya dubi inda 'yan wasa suka juya ƙirjinsu, can yake.

Ummi_Gyallesu:
A Afirka fa akwai masu bugawa?

Injiniya_Kwangila:
Afirka ta Kudu tana da tawagar mata a ƙananan azuzuwan gasar duniya. A Nairobi akwai ƙaramin fili a otal ɗin Panari inda ƙungiyar Ice Lions ta Kenya take wasa, Kenya kuma ta shiga IIHF a 2024. Abin da ke hana yaɗuwa wuta ce: bututun sanyi ne shimfiɗe a ƙarƙashin kankare, dole injin ya yi ta aiki dare da rana don ƙanƙara mai kaurin santimita uku zuwa huɗu ta zauna a wajen digiri 5 ƙasa da sifili. A zafin Afrilun Zariya kowa ya san abin da hakan zai ci. Mai sha'awa a nan sai dai ya fara da takalmi mai taya a kan siminti.

Malam_Sani_Samaru:
Mu dawo kan maganarmu jama'a. Akwai abin da ban ji an taɓo ba, tsarin rukuni. Daga 2019 zuwa 2025 ƙasa goma ake sawa, biyar mafiya ƙarfi a rukunin A, biyar na ƙasa a rukunin B. An yi haka ne don a daina ganin irin 18 da nema da Kanada ta ci Sulobakiya a Vancouver a 2010, lokacin da shugaban kwamitin Olamfik Jacques Rogge ya yi gargaɗin cewa ba za a ci gaba a haka ba in ba a samu gyara ba. An ɓoye ciwon ne ko an yi maganinsa?

Baban_Khalifa:
An rufe shi da bandeji, Malam. Duba yadda tsarin ya yi aiki a waɗannan shekaru. Duk biyar ɗin rukunin A sun wuce zagayen 'yan takwas ko da ba su ci wasa ko ɗaya ba, kuma ba sa faɗuwa ajin ƙasa. Uku ne suke fitowa daga B, na ƙasan su kuma a yawancin shekaru biyu suke faɗuwa. Wadda ta zo ta uku a B za ta haɗu da ta ɗaya a A, ta biyu da ta biyu. Wato Jamus ko Japan ko Suwidin ta yi mako guda tana wasa da sa'o'inta, ranar da aka fara sallama sai a ajiye mata Amurka, saurin da ba ta gani ba duk shekara. Ga 'yan kallo tsarin ya yi daɗi, an samu Kanada da Amurka tun a rukuni, tikiti ya sayu. Ga koyo kuwa, ƙasashe uku ne kaɗai suke samun darasin a kai a kai.

Hajiya_Bilki_Kongo:
Amma wane darasi ake koya a ci 12 da nema? Faifan ma ba ka taɓa ba. Kuma mai tallan da ya ga haka a talabijin ba zai dawo ba. Ni na fi ganin amfanin a yawaita wasannin sada zumunta cikin shekara. Kanada da Amurka suna da jerin wasanninsu na hamayya tun 2019, su biyu suna wasa junansu kamar wuƙa da dutse. Da za a wajabta wa kowace ta buga da Finlan da Cek sau biyu-biyu a kaka, a Helsinki da Prag, kuɗin ƙofa ya zauna can, da an haɗa abin da Zainabu take so da abin da Koci yake so.

Zainabu_Hanwa:
Kuma a tuna maza ma ta nan suka biyo. A Olamfik na 1924 Kanada ta ci 110 a wasa biyar, aka ci ta uku. A 1949 ta ci Denmak 47 da nema. Ba wanda ya ce a rufe wasan, sai ga Tarayyar Sobiyet ta zo a 1954 ta ɗauki kofi a zuwanta na farko. Su mata tun 1990 kawai aka fara ba su gasa. Mu ma nan mun ga irinsa: Super Falcons sun daɗe ba mai ja da su a Afirka, da Maroko da Afirka ta Kudu suka zuba kuɗi a gasar gida sai ga shi kofin 2025 sai da aka farko daga ci biyu kafin a ɗauke shi a Rabat.

DanTudunWada:
Anti, Sobiyet gwamnati ce ta ɗauki 'yan wasa aiki suna atisaye shekara zagaye. Ba tafi ne ya kai su ba. Wannan hujjar Baban Khalifa ce, ba taki ba.

Koci_Garba:
Wanda yake son ya san inda aka dosa ya riƙa duba gasar 'yan ƙasa da shekara 18, wadda aka fara a 2008. A 2023 a Östersund Suwidin ta fitar da Amurka a wasan kusa da na ƙarshe, a nan ne kuma Nela Lopušanová ta Sulobakiya, tana da shekara 14, ta zama gwarzuwar gasa. A 2024 a Zug, Cek ta fitar da Kanada 4 da 2. A wannan shekaru tazarar ba ta da faɗi sosai, daga 18 zuwa 23 ne take buɗewa, lokacin da wata take atisaye sau shida a mako a jami'a, wata kuma sau uku bayan aiki. Sai dai kada a manta, Suwidin ɗin da ta fitar da Amurka a Östersund, washegari Kanada ta ci ta 10 da nema a wasan ƙarshe.

Ummi_Gyallesu:
Koci, to in 'yan Cek ɗin nan na 2024 suka tafi jami'o'in Amurka su goma ko sha biyu a lokaci ɗaya, ba layi na ukun ya samu ke nan ba? Ko su ma guraben karatun ƙidayayyu ne ga baƙi?